Wuyan Kwalbar Olinda

Da safiyar Laraba Belmiro ya sauka ɗakin ƙasa ɗauko man zaitun, ya tarar da kwalbar Olinda kwance cikin garin katako. Ba wuya, ba ko ɗigo a ciki.

Duk unguwar bakin kogi a garin Gaia an san kwalbar nan. Giyar Porto ce ta shekarar da aka haifi 'yarsa Olinda. Kakanta Anacleto, uban marigayiya matar Belmiro, shi ya kawo ta ranar baftisma, aka kwantar da ita a ramin bango sai ranar aure. Shekara talatin da ɗaya tana kwance. Auren saura kwana uku.

Belmiro bai tambayi kowa komai ba. Ya hauro, ya fita ƙofar gidan abincinsa, gaban mata masu shanya da masu jiran mota, ya nuna Ivandro da yatsa ya ce masa ɓarawo.

Ivandro shi ne angon. Haihuwar Cape Verde, girman Lisbon, shekara biyu yana tsaye bayan kantar gidan yana haɗa wa baƙi abin sha. Ya kwance ƙyallen gabansa ya ajiye, ya tafi.

Kafin sha ɗaya magana ta zagaye unguwa. Mai zuba wa giyar Porto ƙanƙara da ganyen na'ana'a, me ba zai aikata ba? Haka suka ce.

*

Olinda ta sami Zeferino a benci gaban ɗakinsa yana gyaran takalmi. Tsoho ne dogo mai taurin fuska. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun kyarkeci da aladen daji a duwatsun arewa, kafin gwiwa ta sauko da shi birni. Shi ne ubanta na baftisma.

"Kawu, ka ji?"

"Na ji. Kurma ma ya ji."

"Ba shi ba ne."

"Ke kika ce."

Ta tsaya a kansa, jakar tafiya a kafaɗa. "Jirgin ƙasa na Lisbon ƙarfe shida da rabi zai tashi. In Baba bai janye maganar nan ba a inda ya faɗe ta, zan shiga jirgin tare da Ivandro. A can za a ɗaura, kuma ba zan sake taka ƙofar nan ba. Ka san ni."

Ya san ta. Halin uwarta ta ɗauko, ba ta maimaita magana.

"In na tarar shi ne fa?"

"Sai ka faɗa mini a fuskata."

Ya ajiye takalmin, ya ɗauki hularsa.

*

Belmiro na zaune a teburin kusa da kanta, ya dafe kai. Can lungu, a kujerar da ba mai zama kanta sai shi, Anacleto ne da hannuwa biyu a kan sanda. Ya haura tamanin. Rabin rayuwarsa a rumbunan giya na bakin kogi ya yi ta, shi ne babban mai kula da ganguna.

"Zeferino, ba na neman mai bincike," in ji Belmiro. "Na san ɓarawona."

"Ba kai ka kira ni ba. Su wa ke da makullin ƙasa?"

"Ƙusa ce ke da shi. Ga shi can rataye bayan ƙofar kicin, kowa na ɗauka. Amma wa ya sauka jiya da rana bayan mun rufe? Tambayi Gracinda mai girki ta faɗa maka."

"Baba Anacleto, kai me ka ce?"

Tsohon bai ɗago ba. "Ni na kawo ta da hannuna. Me kake so in ce?"

Zeferino ya sauka shi kaɗai. An riga an tattake garin katakon. Ga faffaɗan sawun Belmiro ko'ina, ga silifas ɗin mai girki, ga takalmin roba mai zane-zane ya nufi akwatunan ruwan tonik ya dawo. Wannan na Ivandro ne. Dawowar ta fi zuwan nutsewa, wato da kaya ya fita. Sawun bai karkata wajen ramin bango ba. Amma a gaban ramin an share ƙasa da gefen ƙafa, faɗin tabarma, kuma ba a share don tsabta ba.

Ya ɗaga kwalbar wajen fitila. An fasa bakin ta gefe guda, ya yi haƙora. Ɗaya gefen kuwa sumul, kamar an yanka da zare. Ya shafa da babban yatsa, bai yanke shi ba. Ya durƙusa da kyar, ya tankaɗe garin katakon da hannu. Ƙwayar gilashi uku kacal ya samu.

Kwalbar da aka buga da bango ba gilashi uku take zubarwa ba. Kuma ina wuyan?

A bakin magudanar ruwa ta lungu ya sa hanci. Tsami ya ji, ga ƙananan ƙudaje suna shawagi.

*

Dona Gracinda na soya ƙosan kifi, tukunyar ƙundun kaji na tafasa a gefe. Ba ta juyo ba.

"In abinci ka zo nema, zauna. In tambaya ce, hannuna a cike yake."

"Kin taɓa cewa za ki zuba kwalbar nan a miya."

"Na ce! Zan kuma sake faɗa. Shekara ashirin ina ƙona yatsuna a kicin ɗin nan, ba wanda ya taɓa cewa Gracinda sannu. Amma kwalba, kullum sai an sauka an gaishe ta kamar uwar wani. Wannan ya sa na sha? Dube ni da kyau, tsoho. Ni da likita ya hana ko sukari?"

"Jiya daga uku zuwa shida kina ina?"

"Gidan ƙanwata, tana cire mini furfura. Je ka tambaye ta, ta fi ni baki."

"Kin ga Ivandro ya sauka."

"Da zan fita na gan shi da makulli. Abin da na gani na faɗa. Ban ce ya sata ba, ban ce bai sata ba. Yaron yana da ladabi, amma masu ladabin nan su ake tsoro." Ta juya ƙosan. "Kuma in kana neman mai laifi, nemo mini wanda ya ƙone mini gawayi."

"Wane gawayi?"

"Na gasa kifin sardin. Na bar shi da toka a kai yadda nake bari kullum, ya jira ni zuwa yamma. Na dawo na tarar an fifita shi ya cinye ƙurmus. Sai da na sake haɗa wuta, baƙi na zaune suna cin zaitun da waken gishiri har suka ƙoshi."

Zeferino ya ɗauki ƙosai ɗaya ya fita. Ta bi shi da zagi har ƙofa.

*

Leonel mai aski ya yi wata guda yana cika baki cewa shi sai ya ɗanɗana kwalbar nan kafin kowa. Da ya hango Zeferino sai almakashinsa ya tsaya.

"Wasa nake, Zeferino! Kowa ya san wasa nake."

"Ni ban sani ba."

"Jiya tun biyu nake kan kawunan 'yan ƙwallo, goma sha ɗaya da mai horar da su. Ko fitsari ban fita ba. Amma in ka tambaye ni, ɗan Lisbon ɗin nan..."

"Ban tambaye ka ba."

Leonel ya sassauta murya duk da haka. "Na ji tausayin tsoho Anacleto. Shekara talatin yana ba mu labarin kwalbar nan. Ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa su biyar ranar Asabar, masu hancin da ke gane shekarar giya daga ƙofa. A'a, ba shi ma ya gayyato su ba, Olinda ce, don ta faranta masa. Ni dai ko lakar aka ba ni na gode."

"Wace laka?"

"Kai mutumin dutse ne, ba ka san komai ba. Tsohuwar Porto ta gaske, in ta daɗe kwance, laka take tarawa a gefen da ta kwanta, baƙa, kamar ɓawon itace. Wasu a burodi suke shafawa."

Zeferino ya tuna kwalbar da ya ɗaga wajen fitila. Tas take, haske na ratsa ta ko'ina.

*

Ivandro na zaune kan matakalar kogi, akwati a gefensa.

"Ka sauka jiya?"

"Na sauka, Kawu. Akwatin tonik biyu na ɗauko."

"Daga nan?"

"Na je wajen tela gwada rigar aure. Ga ta can, ban san wa zai sa ta ba yanzu."

"Me ya hana ka faɗa wa Belmiro haka?"

"A titi? Yana ihu, maƙwabciya Dona Filomena na leƙe ta taga da kofi a hannu?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Shekara biyu ina wanke masa kofuna. Ni na kawo masa matasan da ke cika gidan da yamma. Abu ya ɓace, bai dubi kowa ba sai ni. Ko ka kamo ɓarawon, wannan ba za ka kamo shi ba."

"In an ba ka tsohuwar kwalba, da me za ka buɗe?"

"Da abin murɗa toshi mana. A hankali."

"In toshin ya ruɓe?"

"Sai ya faɗa ciki, in tace da ƙyalle. Me ya sa?"

"Ƙarfe biyar ka zo gidan."

"Ba zan shiga ba."

"Ban tambaye ka ba ko za ka shiga. Na ce ka zo."

*

Ta ƙofar baya Zeferino ya koma. Bokitin tokar Gracinda na bayan kicin, ba a zubar ba. Ya naɗe hannun riga ya tona. Ƙayar kifi, ɓawon lemo, sai gashin agwagwa guda ɗaya, dogo, bakinsa a ƙone. A can ƙasa, an naɗe wani abu a takarda da kyau, kamar wanda za a kai wa mara lafiya.

Wuyan kwalbar ne. Yankan a zagaye yake, sumul. Toshin na ciki lafiyarsa lau, ba a taɓa shi ba.

Ya shiga zauren cin abinci, ba kowa. A bango saman kanta, tsakanin tsohon hoton jirgin ruwa da damin tafarnuwa, akwai wani dogon awartaki mai zagayayyen baki da ke rataye tun kafin a haifi Olinda. Ado ne, ba mai kula shi. Hannayensa jajaye ne da tsatsa. Bakinsa kuwa baƙi ƙirin. Zeferino ya shafa, yatsansa ya fito da sabon baƙin gawayi.

*

Ƙarfe biyar suka taru. Belmiro a bayan kanta, Olinda kusa da ƙofa da jakarta, Ivandro a bakin ƙofar, ƙafa ɗaya a waje. Gracinda ta fito da ludayi a hannu. Leonel ya zo ba a kira shi ba. Anacleto na kujerarsa.

Zeferino ya sa aka shigo da murhun gawayi, ya ajiye kwalbar giya ta yau da kullum a tebur, ya sauko da awartakin.

"Belmiro, buɗe mini kwalbar nan da wannan awartakin."

"Wasan me kake yi? Ban taɓa riƙe shi ba."

"Gracinda?"

"Ni na ɗauka na cire wa jaki haƙori ne."

"Leonel?"

"Na taɓa gani sau ɗaya a wani biki, daga nesa."

"Ivandro, shigo. Kai ne ɓarawon, nuna mana."

Ivandro ya dubi Olinda. Ta gyaɗa masa kai. Ya shigo, ya karɓi awartakin, ya jujjuya shi. Ya tsoma bakin a wuta, ya ciro tun bai yi zafi ba, ya cafki kwalbar a kafaɗa, ya fara matsawa kamar mai fasa goro.

Zeferino bai dubi hannunsa ba. Lungu yake kallo.

Anacleto ya motsa a kujera. Ya kawar da kai. Yatsunsa suka matse kan sandar. Ivandro ya ƙara ƙarfi, gilashi ya fara ƙara.

"Kai! Sakarai!" Tsohon ya buga sanda a ƙasa. "Wa ya ce maka matsawa ake yi? Sai ƙarfen ya yi ja! A wuya ake kamawa, ƙarƙashin toshi, ka riƙe shi shiru, ka saki, sannan ka zagaya da jiƙaƙƙen gashin agwagwa. Da kansa zai rabu. Ba a yi wa kwalba dole!"

Zeferino ya zaro takardar daga aljihu, ya warware, ya ajiye wuyan a tsaye a kan tebur, gashin agwagwan a gefensa.

"Kamar haka?"

Belmiro ya zagayo daga bayan kanta. Ya ɗauki wuyan, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Fuskarsa ta sauya.

"Ɓarawo mai sauri bango yake bugawa," in ji Zeferino. "Mai son sha toshi yake turawa ciki. Wanda ya yi wannan ya fifita gawayi, ya jira ƙarfe ya yi ja, ya yanka yadda aka koya masa. Bayan ya gama ne ya tuna ya kamata a ga kamar fashi, ya ɗan buga bakin a bango. Wuyan kuma ya kasa jefarwa haka nan, sai da ya naɗe shi. Mutum ɗaya ne a unguwar nan hannunsa ba zai yarda ya wulaƙanta kwalba ba, ko da zubarwa ya zo yi."

"Baba Anacleto," in ji Belmiro. "Kyautarka ce fa."

"Kaka?" in ji Olinda.

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Ba laka a kwalbar," in ji Zeferino. "Faɗa musu da bakinka, ko ni in faɗa."

Anacleto ya ɗago kai. Bai dubi kowa ba, bango ya duba.

"Ta gaskiyar a matakalar coci ta fashe. Ranar baftisma, da safe. Ta zame mini daga hammata. Ni, da ban taɓa yar da kwalba ba a rumbu." Ya gyara riƙon sandar. "Mutane na jira. Na koma gida na sami tsohuwar kwalba, na cika da ta ganga wadda muke sha kullum, na toshe, na sa alamar alli. Na ce gobe zan canza. Goben ta zo, uwarki ta riga ta kwantar da ita a rami da hannunta, tana kuka. Sai na bari."

"Shekara talatin da ɗaya," in ji Gracinda. "Muna gaishe da ruwan tsami."

"Ranar Asabar mutum biyar za su zauna a teburin nan. Ni na koya wa uku daga cikinsu aiki. Kafin kofi ya kai baki za su gane." Anacleto ya juya sandar. "Na ce in ɗanɗana, ko Allah ya sa ta yi wani abu. Ta mutu tuntuni. Na zuba a magudana."

"Wannan tsakaninka da jikarka ne," in ji Zeferino. "Abin da ya kawo ni daban. Da safe kana zaune a nan aka kira mutum ɓarawo."

"Ban ce shi ba ne."

"Ba ka ce ba shi ba ne."

Tsohon ya maida ido kan sandarsa.

Ivandro ya ajiye awartakin a hankali a gefen murhu. Olinda ba ta je wajen kakanta ba. Ta dubi agogon bango, shida saura kwata, ta dubi ubanta.

Belmiro ya share fuska da tafin hannu. "Ivandro, ɗana, ka ga yadda abin ya... Zo, zauna. Gracinda, kawo masa ƙundu, kawo cuku. Mu bar maganar nan a cikin gida."

"Ba a cikin gida ka faɗe ta ba, Baba," in ji Olinda.

"Haba, Olinda. In fita in ce me? In tona wa kakanki asiri a titi?"

"Ba wanda ya ce ka ambaci Kaka. Naka za ka faɗa."

Ya dubi Zeferino, ko zai sa baki. Zeferino na gyara hularsa.

Belmiro mutum ne da bai taɓa ba kowa haƙuri da rana tsaka ba. Ya tsaya tsakiyar zauren, hannuwa a sake. Olinda ta gyara igiyar jakarta a kafaɗa, ta sa ƙafa a bakin ƙofa.

Sai ya wuce ta gabanta ya fita.

Titi a cike yake. Masu dawowa daga aiki, matan da ke kwashe shanya, baƙin farko da ke jiran a buɗe, Dona Filomena a tagarta. Duk suka juyo.

"Jama'a," in ji shi. Muryar ba ta fita ba.

"Ba mu ji ba, Belmiro!" in ji Dona Filomena daga sama.

Ya ja numfashi, wuyansa ya yi ja.

"Na ce, da safe a nan na kira Ivandro ɓarawo. Ƙarya na yi masa. Bai taɓa komai nawa ba. Ni ne ban tambaya ba. Surukina ne, ranar Asabar zai auri 'yata, wanda kuma ya sake maimaita maganar nan, da ni zai yi."

Ya juyo. Ivandro na tsaye a ƙofa, bai yi murmushi ba.

"Na ji," in ji Ivandro. "Ba yau zan manta ba. Amma na ji."

Olinda ta sauke jakar daga kafaɗa, ta miƙa wa ubanta.

"Riƙe. Kai mini sama."

Belmiro ya karɓa da hannu biyu, ya shiga da ita.